Gidan Bakin Ruwa: Wa Aka Tasa, Wa Aka Hana Sha?



A 'yan shekarun nan wani irin talla ya yawaita a manyan biranen ƙasar nan, a allunan bakin titi, a gidajen talabijin, da cikin wayoyin da ke hannun kowa. Za a nuna maka gida mai hawa biyu ko uku, fari fat, tagoginsa na gilashi suna fuskantar tafki ko gaɓar teku, ga ciyawa kore shar, ga yara suna guje-guje, ga maigida da uwargida a baranda suna shan shayi rana tana faɗuwa a kan ruwa. Sa'an nan a ce maka unguwar kewaye take da katanga, ƙofarta ɗaya ce, masu gadi dare da rana, wuta ba ta ɗaukewa, famfo ba ya ƙafewa, har da masallaci da makaranta a ciki. A da irin wannan talla na mutanen Legas ne, mu sai dai mu ji labari. Yanzu kuwa cikin waɗanda ake yi dominsu har da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da manyan ma'aikata waɗanda cibiyarsu take binne a ƙasar Ruma da ƙasar Yariman Katsina, wato Batsari da Safana. Saboda haka maganar ta zama tamu, kuma wajibi ne mu tattauna ta tun kafin a gama biyan kuɗin ƙasa.

Ba mu zo don mu ce son irin wannan gida laifi ne ba. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano cikin watan Afrilu a birnin Katsina ya san darajar iskar da ta ratso ta kan ruwa. Mazauni mai yalwa yana daga cikin ni'imomin da addini ya yaba, kuma Musulmi sun daɗe da sanin daɗin ruwa a cikin gida. Fadar Alhamra da sarakunan Garnaɗa suka bari a ƙasar Andalus har yau mutane suna tururuwa zuwa kallon maɓuɓɓuganta da magudananta. Mutumin da ya nemi halalinsa, ya fitar da zakkarsa, ya so ya zaunar da iyalinsa inda za su yi barci da ido biyu rufe, ba mu da ta cewa a kansa. Balle wanda ya baro yankinmu ala tilas. Mun san abin da ya faru a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari a watan Fabrairu na shekarar 2020, inda aka hallaka mutane kimanin 30 a dare ɗaya, kuma mun san yadda aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar Ƙanƙara a Disambar wannan shekarar. Wanda ya ga haka ya ce shi katanga yake nema, wa zai zarge shi?

To amma mu tsaya mu dubi abin da ake sayarwa da kyau. Bulo da siminti da gilashi ana samunsu ko'ina. Abin da ya sa kuɗin gidan bakin ruwa ya ninka na takwaransa da ke bayan layi shi ne ruwan, da iskar da ke tasowa daga gare shi, da kuma tabbacin cewa ba wanda zai ratso tsakaninka da shi. Shi kuwa ruwan nan ba mai ginin ne ya haƙa shi ba a mafi yawan lokaci. Ko dai Allah ne Ya shimfiɗa shi tun fil azal, ko kuma da dukiyar jama'a aka tare shi. Tafkin Jabi na Abuja misali ne a fili. An gina madatsarsa a farkon shekarun 1980 don a shayar da sabon babban birnin, kafin madatsar Usuma ta karɓi wannan aiki. Yau gefensa ya zama wurin manyan gine-gine da katafaren kanti da aka buɗe a shekarar 2015, kuma filin da ya fi kusa da ruwan shi ya fi tsada. Ashe ke nan abin da aka tanada don maƙogwaron kowa ya koma abin kallon wanda aljihunsa ya kai.

A Legas ma abin ya fi haka muni, domin can sai da aka tashi mutane. A watan Yuli na shekarar 1990, zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka ba mazauna unguwar Maroko wa'adin kwana 7, sa'an nan aka turo motocin rusau cikin damina. An ƙiyasta mutanen da suka rasa matsuguni sun kai 300,000. Hujjar da aka kafa ita ce wurin ƙasa yake da teku, ruwa yana cin sa, ba ya zaunuwa. Ba a daɗe ba aka cike shi da yashi, aka yanka filaye, ya zama ɗaya daga cikin wurare mafi tsada a Afirka ta Yamma. Wurin da bai zaunu ga talaka ba sai ga shi ya zaunu ga mai kuɗi! Haka aka maimaita wa masuntan Otodo Gbame a gefen Lekki tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017, aka raba mutane kimanin 30,000 da gidajensu, wasu suka kwana cikin kwale-kwale. Kotu ta yanke hukunci a watan Yuni na 2017 cewa korar ta saɓa wa tsarin mulki, amma hukuncin ya tarar da gidajen sun riga sun zama toka. Idan aka nuna maka hoton baranda mai kallon ruwa, ba za a nuna maka waɗannan ba.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Darini da Legas? Ruwansa kuwa babba ne, domin shi ya fi kowa sanin ma'anar bakin ruwa. A wurinsa bakin ruwa fadama ce da ake dasa albasa da tumatir da rani, mashaya ce da garke yake sauka, wurin da mata suke tona yashin rafi su jira ruwa ya tsatso su cika tulu, wurin da ake buga tubali a kuma yi wanki. Daminarmu ba ta wuce wata huɗu, sauran watannin shekara rayuwa tana rataye ne a kan ɗan abin da ya saura a ƙorama da rijiya da dam. Kuma duk dattijon da ke wannan yanki zai gaya maka cewa wutar da ta cinye mu ba daga sama ta faɗo ba. An yi dokar keɓe makiyaya a Jihar Arewa a shekarar 1965, kuma dajin Ruma da Kukar Jangarai, wanda ya haɗe da Rugu, yana cikin wuraren farko da aka yi wa aikin ƙananan madatsai don dabbobi su sha. Da tafiya ta yi tafiya madatsan suka cike da laka ba mai yashewa, burtali ya koma gona, mashaya ta shiga cikin shingen wani mai hannu da shuni. Ba muna wanke ɗan ta'adda ba ne, wanda ya zubar da jinin bayin Allah ba shi da uzuri ko na ƙwayar zarra. Muna cewa ne toshe hanyar ruwa ba ƙaramin abu ba ne, mu mun ga ƙarshensa da idonmu, bai kamata ɗanmu ya je birni ya zama mai toshewa ba.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Hadisi sananne ya sanya ruwa da makiyaya da wuta cikin abubuwan da jama'a suke tarayya a kansu, kuma an yi hani ga mutum ya hana rarar ruwa ga mabuƙaci. A kan haka malaman fiƙihu suka gina hukuncin da suke kira harimi, wato filin da ke kewaye da rijiya ko kogi ko gari wanda amfanin abin ba ya cika sai da shi. A mazhabar Malikiyya ba a yanke wa harimin rijiya awo ɗaya ba, ma'auninsa shi ne duk abin da zai cutar da ruwanta ko ya ƙuntata wa masu zuwa sha, mutane ne ko dabbobi. Harimi ba a raya shi a mallake shi kamar yadda ake yi wa matacciyar ƙasa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya keɓe littafi guda a kan hanyoyin mallakar ƙasa mai suna Ta'alimur Radi, don masu mulkin zamaninsa su san inda ikonsu ya tsaya. Wato tun kafin Bature ya zo da taswirarsa, ƙasar nan tana da tsarin da ya san cewa akwai filin da ba na sayarwa ba ne.

Akwai kuma wani abin da ya kamata Bakatsine ya sani. Imam Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a shekarar 1505, shi ne malamin nan na Misira da ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim da wasiƙar nasiha. Shi da kansa a tsibirin Rauda na tsakiyar kogin Nilu ya ƙare rayuwarsa, ya san daɗin zama kusa da ruwa sarai. Amma da ya ga masu hali suna turo gine-ginensu har cikin gaɓar kogin, sai ya rubuta risala ta musamman, Aljaharu bi Man'il Buruzi ala Shaɗi'in Nahari, ya tattaro maganganun malaman mazhabobi a kan hana hakan, saboda gaɓa hanyar jama'a ce, wurin ɗiban ruwansu da ɗaure jiragensu. Fiye da shekara 500 ke nan. Cutar ba sabuwa ba ce, sunanta kawai aka sauya aka sa mata na Turanci.

Mu kwatanta wannan da dokar da muke ƙarƙashinta. Dokar Amfani da Ƙasa ta shekarar 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon soke haƙƙin mai fili idan aka ce maslahar jama'a ta buƙata. Diyyar da ake biya ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta ƙasar kanta ba. Manomin da ya gaji fadama daga kakanninsa, ba shi da takarda sai shaidar maigari, ana iya lissafa masa kuɗin 'yan bishiyoyin mangwaronsa a sallame shi. Bayan shekara biyu sai ka ga maslahar jama'ar nan ta rikiɗe ta zama rukunin gidaje masu ƙofa ɗaya. Takardar da mai saye zai karɓa ingantacciya ce a gaban kotu, da hatimi da sa hannu. Amma hatimi ba ya halatta abin da aka ƙwace, kuma wanda ya sayi kayan ƙwace yana sane ba shi da bambanci da maƙwacin a wurin malamai.

Sa'an nan ga shi ruwa ba ya karanta takarda. A daren 10 ga Satumba na shekarar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya malale birnin Maiduguri, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa da babbar kasuwa, alhali kuwa an taɓa ganin irin haka a 1994. Madatsar Bagauda ta Kano ta fashe a watan Agusta na 1988. Nan kusa da mu, ambaliyar Jibiya ta watan Yuli na 2018 ta ci rayukan mutane fiye da 40 cikin dare. A Abuja kanta an ga gidaje na miliyoyin naira a yankin Lugbe sun nutse har taga a daminar 2023, saboda an gina su a kan hanyar ruwa. Sai dai a nan ma akwai rashin adalci. Talakan da ya yi gini a bakin rafi dole ce ta kai shi, can ne kaɗai fili yake da araha. Mai kuɗi kuwa zai cike nasa da ƙasa ya ɗaga shi, ya ja katangar kankare, ruwan da ya kamata ya kwanta a nan sai ya juya ya faɗa gidan wanda ke ƙasa da shi. Haka kududdufan Kano da na Katsina suka yi ta ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, alhali su ne matattarar ruwan sama tun zamanin da aka haƙa su don ginin ganuwa da gidaje. Duk wanda ya matse rafin Ginzo ko na Tille da gini, unguwar wani ya aika wa ruwa. Ba ma maganar sauro da tsargiya ba, waɗanda mai talla ba ya ambatonsu, amma likita ya san kwantaccen ruwa ba ya rabuwa da su.

Mu dawo kan iyali, tunda da sunan iyali ake tallar. Gidan Bahaushe da zaure aka san shi. Zaure shi ne inda baƙo yake sauka ba tare da ya yi alkawari ba, inda ake kai wa maƙwabci tuwo, inda yaro yake zama gefen dattawa ya koyi gaisuwa da tarihin danginsa. A unguwar ƙofa ɗaya kuwa sai mai gadi ya buga waya an amince kafin a buɗe. Gwaggon mutum da ta gudo daga ƙauye da ƙullin kayanta a ka, ba ta da waya, ba ta san lambar gida ba, a bakin ƙofa za ta yini. Yaran da suka tashi a ciki sun san sunayen garuruwan Turai amma ba su san hanyar Wagini ba, kuma talaka a wurinsu shi ne mai wanki da direba. Masallacin unguwar yana da sanyi da kafet mai laushi, amma sahu ne na mutane masu aljihu iri ɗaya, an rasa hikimar nan ta jam'i inda kafaɗar attajiri take gogar ta ɗan dako. Mun yarda ana iya zama a irin wannan wuri a kiyaye zumunci, akwai masu yi. Sai dai tsarin wurin yana ja ne zuwa ɗaya ɓangaren, kuma mutum ba ya jin lokacin da zuciyarsa take sabawa da rashin jin sallamar mabuƙaci.

Tsaron ma da ake saya, nawa ne tsawonsa? Katanga tana ƙarewa a bakin titi. Mai gidan zai fito ya hau hanyar Kaduna ko ta Funtuwa, ɗansa zai tafi makaranta, hatsin da zai ci daga gonakin da aka hana nomawa zai fito. A watan Satumba na 2021 sai da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, aka rufe kasuwannin dabbobi, kuma raɗaɗin ya kai har teburin waɗanda suke ganin sun tsira.

Mutanen ƙasar Ruma suna da abin koyi a cikin sunan garinsu ma. A Madina akwai rijiyar da ake kira Ruma, mai ita yana sayar da ruwanta a lokacin da Muhajirai suke cikin ƙunci. Sayyidina Usman ɗan Affan (R.A.) ya saye ta da dukiyarsa ya mayar da ita ta kowa, gugarsa ba ta fi ta wani ba. Har yau an san wurin, da gonar dabino ta waƙafi a kewaye da shi. Attajiri ne shi ma, ya ga ruwa ya so shi, ya kuma biya kuɗi mai yawa a kansa. Bambancin yana wurin abin da ya yi da ƙofar bayan ya saya. Zubaida matar Haruna Rashid ma da ta tashi kashe dukiya a kan ruwa, magudana ta ja zuwa Makka, ta kuma gina tafkuna a kan hanyar alhazai daga Kufa. Ɗan'uwan da yake shirin zuba kuɗin da zai gina rijiyoyin burtsatse masu yawa a kan tagar da za ta kalli tafki, ya zauna ya yi wannan lissafi shi kaɗai. Idan bayan haka ya ga zai saya, to aƙalla ya binciki wa ke zaune a filin kafin a yanka shi, ko an biya shi ya yarda, ina ruwan damina zai bi idan an gama ginin, ko an bar wa masunci da makiyayi hanyar sauka, kuma kada ya ɗora wa kansa bashin riba don baranda. Dillalin da ya ƙi amsa waɗannan tambayoyi ya riga ya amsa su.

Abin da ya fi damunmu shi ne na gida, domin lokacinsa bai wuce ba. Madatsar Zobe da ke ƙasar Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, an kammala ta a shekarar 1983 a kan kogin Karaduwa, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 170, an kuma tsara ta don noman rani na kadada wajen 8,000 da shayar da birnin Katsina. Ta yi shekaru kusan 40 tana kwance kafin a ƙaddamar da aikin tura ruwanta a 2021. Ga ta Jibiya a kan kogin Gada da aka gama a 1991, ga ta Ajiwa da ta daɗe tana shayar da birni. Yau rashin tsaro ne ya hana masu kuɗi kallon gaɓar Zobe. Ranar da hanya ta yi lafiya, kuma muna roƙon Allah Ya kawo ranar, za a wayi gari an ga turakun siminti a gonakin masu noman rani, a ce za a yi wurin shaƙatawa da gidajen hutu don jawo masu zuba jari. Waɗanda suka gudu suka bar gonakinsu shekara da shekaru su ne za a fi saurin cewa filinsu ba mai shi.

Don haka muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Katsina da hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima da su shata harimin waɗannan madatsai yanzu, a kafa alamu, a buga a jaridar gwamnati, a hana ba da takardar mallaka a cikinsa ga kowa komai girmansa. Hakimai da dagatai su sa a rubuta gonakin 'yan gudun hijira da sunayen masu su tun shaidu suna raye, a ajiye kwafi a wurin alƙali. Malamanmu su fitar da babin harimi da raya matacciyar ƙasa daga cikin littafi su kai shi kan mumbari, domin da yawa daga cikin masu saye da masu sayarwa ba su taɓa jin sa ba. Ƙungiyoyin 'yan asalin Batsari da Safana mazauna Katsina da Kaduna da Abuja kuwa, waɗanda ba su rasa haɗa kuɗin walima idan ɗayansu ya sami muƙami, su zaɓi madatsa ɗaya daga cikin waɗanda suka cike a gefen Rugu su ɗauki nauyin yashe ta, tare da shawarar manoma da makiyayan wurin a kan inda hanyar shanu za ta bi. Aikin yasa na rani ne, daga Janairu zuwa Afrilu, idan ruwan farko ya sauka sai kuma baɗi.